Kada Kunya Ta Yanka Maka Abin Da Za Ka Riƙa Biya

Watan da aka yanke mana alawus a wurin aiki, abin da ke shigo mini ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Bashin da ke kaina kuwa bai ji labari ba, yana nan yadda yake. Wuri uku ake bina: banki, da wani kamfani da na ɗauki kwamfuta a wurinsu ina biya wata-wata, sai kawuna da ya ranta mini kuɗi lokacin da na kama haya. Sa'ad da albashi ke cike, kashi ɗaya cikin uku nake ba su, in yi maneji da sauran. Da ya ragu, wannan kuɗin dai ya koma fiye da rabin abin da nake samu.

Ƙannena, bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka ba zan tsaya yi muku wa'azi a kan cinsa ba. Abin da zan ba ku labari shi ne yadda na ɓata wa kaina kusan shekara guda saboda kunya, da abin da na koya a teburin masu bina.

Wata uku na yi ina ɓuya. Waya ta yi ƙara, in kifa ta. Saƙo ya shigo, in ƙi buɗewa. Kullum ina ce wa kaina wata mai zuwa abubuwa za su gyaru, in biya na wata biyu a haɗe, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Rana ba ta ƙarya. Kowane wa'adi da ya wuce, tara ta hau kan ruwa, ruwa ya hau kan uwar kuɗi. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, mai ba da rance kullum yana ganin irina. Bin mutum yana cin kuɗi da lokaci, kai shi kotu ya fi ci, saboda haka sau da yawa ya fi masa sauƙi ya karɓi kaɗan da ke zuwa a kan lokaci. Amma fuskar da za a nuna maka ta danganta da lokacin da ka zo. Wanda ya zo kafin ya tsallake biya ko ɗaya, abokin hulɗa ne da ya shiga matsi. Wanda ya zo bayan wata uku na shiru, an riga an miƙa fayil ɗinsa ga masu ƙwato bashi. Makon da ka tabbatar samunka ya ragu, a makon ka je, da takardar shaida a hannunka.

Da na gaji da ɓuya na je bankin, a nan na tafka babban kuskuren. Ma'aikacin ya saurare ni da mutunci, sannan ya ce, "To Malam, nawa za ka iya biya a wata?" Ban yi lissafin komai ba kafin in fito daga gida. Na dubi fuskarsa, na ji nauyin in ambaci ƙaramin abu, sai na ce kashi uku cikin huɗu na abin da nake biya a da. Ya ce, "Ka tabbata?" Na ce, "In sha Allahu, ranka ya daɗe." Ya rubuta.

Watan farko na cika alkawari da kuɗin da nake tarawa na haya. Wata na biyu na ci rance a wata manhaja ta waya don in biya bankin, an sayar da kare an sayi biri. Ku riƙe wannan lissafin: bashin da ruwansa ke kashi 10 cikin 100 a wata, in ruwan na hawa kan ruwa ba a biya ba, cikin wata 12 ya haura ninki uku. Wata na uku ban biya kowa ba. Da na koma, ma'aikacin nan bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Malam, ai kai ka faɗi adadin nan da bakinka." Ban sami amsa ba. Zaman farko na je da uzuri. Na biyu kuwa na je a matsayin wanda ya saɓa alkawari, kuma duk abin da na faɗa sai an auna shi sau biyu.

Adadin da za ka ambata daga takarda zai fito. Ka zauna kai kaɗai, ko da matarka in kana da iyali, ka rubuta abin da ke shigowa da gaske. In samunka na hawa da sauka, ɗauki watan da ya fi ƙanƙanta cikin ukun da suka wuce. Kada ka sa kuɗin da kake sa rai: bashin da kake bin wani, ƙarin albashin da ake raɗe-raɗinsa, aikin da aka ce za a ba ka. Sai ka jera abin da ba makawa: haya, abinci, magani, wuta da ruwa, kuɗin zuwa wurin aiki, makarantar yara. Abin da ake biya sau ɗaya a shekara ka raba shi 12 ka sa kasonsa a kowane wata, domin shi ne ke zuwa ya rusa tsari. Ni da na fara, da ka na rubuta, sai da na bi ainihin abin da na kashe na tsawon wata guda na ga na rage wa kaina da yawa. Ƙananan kashe-kashen da ba ka ɗauke su komai ba, su ne ramin. Ka kuma ware ɗan abu don larura, ko yaya ƙanƙantarsa, domin ciwo ba ya duba kalanda. Abin da ya rage bayan duk wannan, shi ne abin da kake iya biya. In ya yi maka ƙanƙanta har kana jin kunyar faɗa, to ka faɗe shi a haka.

In wuri fiye da ɗaya ake binka, akwai hanyar rabo da ba mai cewa an zalunce shi. A ce rarar da ta rage maka 9,000 ce a wata, kuma ana binka 150,000 a nan, 90,000 a can, 60,000 a wani wurin. Jimla 300,000. Na farko yana da rabi, na biyu kashi 30, na uku kashi 20. Sai ka ba su 4,500 da 2,700 da 1,800. Ka nuna wa kowannensu takardar gaba ɗaya. Tambayar da ke ran duk mai binka ita ce ko kana fifita wani a kansa, kuma takardar ta amsa masa tun bai yi ba.

Sai dai kafin wannan rabon, akwai basussukan da ke gaba da saura. Ma'auninsu shi ne me za ka rasa in ba ka biya ba. Wurin kwana, abin da ka ba da jingina, kayan da kake neman abinci da su, waɗannan su ne farko. Ni kuwa wanda ya fi hayaniya nake fara biya. Masu manhajar nan na kira safe da yamma, sai in tura musu don in samu barci, alhali kwamfutar da nake ɗan aikin gefe da ita saura ƙiris a zo a ɗauke ta. Ƙarfin murya daban, girman haɗari daban.

Yanzu ga abin da za ka nema in ka zauna. Da farko ka ce a rubuta maka bashin kashi-kashi: nawa ne uwar kuɗi, nawa ne ruwa, nawa ne tara. Mutane da yawa jimla kawai suka sani, ni ma haka nake. Abin da za a fi saurin yi maka tayi shi ne tsawaita wa'adi, kuma yana da daɗin ji. Amma duba: bashin 100,000 da ruwan kashi 3 a wata a kan abin da ya saura, in za a biya cikin wata 12, kowane wata kusan 10,050 ne, ruwan duka wajen 20,500. In aka mai da shi wata 24, biyan wata ya sauko kusan 5,900, amma ruwan ya haura 41,000. Ka sami numfashi, ka kuma saye shi da tsada. Wani lokacin dole ne, ni ma ƙarshe na karɓa, amma ka karɓa ido buɗe, ka kuma tambaya ko za a ci ka tara in ka samu hali ka biya kafin lokaci.

A wannan misalin dai, ruwan watan farko kaɗai 3,000 ne. Duk abin da ka biya ƙasa da haka, bashin ƙaruwa yake yi kana biya. Shi ya sa in rararka ta yi ƙasa sosai, maganar da ta fi muhimmanci ita ce a dakatar da ruwa ko a rage shi na wani lokaci, a kuma yafe tara. Ba lallai a yarda ba, amma ba a cika yi wa wanda bai tambaya ba. A nawa zaman, tara ce aka fi saurin yafewa. Haka in aka ce an ɗaga maka ƙafa na wata uku, tambayi ko ruwa zai ci gaba da hawa a cikinsu, domin sau da yawa yana hawa. Ka nemi a mai da ranar biya ta zama washegarin shigar albashi. Ka kuma ba da shawarar a yi tsarin na wata shida, sannan a sake zama. Mai binka ya fi sakin jiki da sassaucin da ke da ranar dubawa.

In aka matsa maka ka ƙara a kan adadinka, kada ka yi gardama, kada kuma ka amsa nan take. Ni abin da na koyi faɗa shi ne, "Ga takardar nan, ku nuna mini inda zan rage." Sau ɗaya aka nuna mini wani abu mai ma'ana, na kuwa rage. Sauran lokutan shiru aka yi.

Duk abin da aka amince, a rubuta. Wannan ma sai da na sha wuya na koya. Mun daidaita da wata ma'aikaciya a kamfanin kwamfutar, ta baki, cikin fara'a. Bayan wata biyu aka sauya mata wurin aiki, wanda ya gaje ta ya ce bai ga komai a fayil ba, kuma tsohon adadin aka ci gaba da cira daga asusuna kai tsaye, domin ba wanda ya soke umarnin farko. Abin kunya ne a ce sai da wannan ya same ni, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma aya ta 280 ita ce ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Ka karɓi takarda mai sa hannu ko saƙon imel da ya ambaci sabon adadi, da ranar biya, da matsayin ruwa da tara. Kowace waya ka rubuta ranarta da wanda kuka yi magana. Ka adana rasit. In aka ce ka kawo wani kaso a dunƙule a yafe sauran, kada ka tura ko sisi sai an rubuta cewa da wannan biyan an rufe bashin gaba ɗaya.

Wanda ya tsaya maka lokacin karɓar rance, ka gaya masa halin da ake ciki kafin ya ji a bakin wasu, domin in ka gaza shi za a bi. Masu cewa ka ba su kuɗi tukuna su share maka bashi kuwa, ka yi nesa da su.

Kawu shi na bari a ƙarshe, don shi kaɗai ne bai taɓa kirana ba. Wata bakwai na ɗauke ƙafa daga gidansa. In na hango lambarsa a wayar wani sai gabana ya faɗi. Ranar da na je, bayan mun gaisa na fara kame-kame, ya katse ni ya ce, "Ɗana, kuɗin ba su dame ni kamar ƙafar da ka ɗauke ba. Na zaci wani laifi na yi maka." Na fito da takardar na miƙa masa. Ya sa tabarau ya bi ta layi-layi, ya tsaya a kan kuɗin magani ya tambayi wane ne ba lafiya, sannan ya kai kan ɗan adadin da na rubuta a gaban sunansa. Na buɗe baki zan ce zan ƙara, tsohuwar kunyar ta taso. Ya ce, "Wannan ɗin za ka iya kowane wata, ba fashi?" Na ce, "Zan iya, Kawu." Ya kira babban ɗansa ya ce ya kawo biro, aka rubuta kwafi biyu, muka sa hannu.

Shekara biyu da wata bakwai na yi ina kai masa. Sau ɗaya na ga ba zan cika ba, na kira shi tun saura kwana biyar, ya ce in haɗa da na gaba. Ran da na kai na ƙarshe, ya shiga ɗaki ya ɗauko nasa kwafin, duk ya cika bayansa da kwanan wata da rubutun hannunsa, ya ja layi a ƙasa ya miƙo mini.