Motar da Ta Dawo da Motar da Ta Kwana: Abin da Gareji Ya Koya Mini

Gareji zai iya cika maƙil da motoci, kanikawa suna ta kai da komo tun safe har faɗuwar rana, amma wata ya ƙare mai garejin yana neman kuɗin haya. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya ga haka. Mai wucewa yakan ƙirga motocin da ke tsaye a fili ya ce wane ya samu. Mu da ke ciki mun san motar da ke tsaye ba ta kawo ko sisi ba tukuna. Sai ta fita, an biya, kuma ba ta dawo da ciwon da aka ce an gyara ba, sannan za a kira ta ciniki.

Babban abin da na koya shi ne, hajar mai gareji lokaci ce. Mai shago in bai sayar da kayansa yau ba, gobe zai tarar da su a kan kanta. Awar bakanike kuwa in ta wuce ta wuce ke nan, alhali ka riga ka biya ta, ko da albashi, ko da haya, ko da kuɗin wuta. A ce kana da kanikawa 3, kowanne yana aikin awa 8: awa 24 ke nan a hannunka kullum. Nawa ne daga ciki wani ya biya? Ka sa a rubuta na mako guda, za ka ga inda sauran suke zurarewa: neman sifanar da wani ya ara bai mayar ba, jiran yaron da aka aika sayen kaya, jiran mai mota ya ɗaga waya, tura motoci uku don a fitar da ta huɗu. Waɗannan duka ƙanana ne, tsari kaɗan yana maganinsu. Wanda ya fi cin gareji shi ne lalube.

Lalube shi ne mota ta zo tana jijjiga, a ce filogi ne, a canza. Ba ta daina ba, a ce koyil ne. Ba ta daina ba, a kwance injekta a wanke. Kowane canji yana cin awa, yana cin kuɗin mai mota, kuma a ƙarshe ba ka da bakin neman ladan awoyin da ka ɓata, domin shi abin da ya sani shi ne ya sayi kaya har kashi uku motarsa tana nan yadda take. A zamanin kafireta kunne da gogewa suna kai bakanike nesa, har yanzu ma ban raina kunne ba. Sai dai motar yau kwamfuta ce ke lissafa mata mai da wuta. Tun daga motocin 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, wato soket ɗin nan mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, Turai kuma ta bi sahu a motocin fetur daga 2001. Garejin da ba ya iya magana da wannan soket ya rufe wa kansa ƙofa.

To amma mallakar na'urar binciken da ake jonawa a wannan soket ma tana haifar da nata laluben, kuma shi ya fi ba ni tsoro, don yana zuwa da kamannin ilimi. Lambar da na'ura ta nuna tana gaya maka abin da kwamfutar mota ta gani ne kawai, ba ta ce ga abin da ya lalace ba. Ɗauki P0171, wadda kowane gareji yake gani. Ma'anarta iska ta yi wa mai yawa a cikin injin. Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, in aka auna da nauyi, kuma sensar da ke jikin salansa ce ke shaida wa kwamfuta ko an dace. Mai gaggawa da ya ga lambar sai ya ce sensa ce, a sayo. Alhali sau da yawa sensar gaskiya ta faɗa.

Ga yadda nake koya wa yarana. Ka bar motar ta yi zafi tana silo, ka buɗe shafin na'urar da ke nuna yawan man da kwamfuta ke ƙarawa don ta cike giɓi. In ka ga ƙarin ya yi sama a silo, sai ka taka totur allurar gudun injin ta kai wajen 2,500 ka riƙe. Ƙarin ya sauko? To iska ce ke satar hanya ta wani wuri bayan sensar da ke auna iskar shiga, domin ɗan tsagin da ke damun injin a silo ba ya wani tasiri idan totur ya buɗe. Sai ka bi robar iska da yatsa, ka lanƙwasa ta, ka leƙa cikin ninkinta na ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Nan za ka tarar da tsagi siriri da ba ya buɗewa sai injin ya girgiza. In kuwa ƙarin yana daɗa hawa ne idan an taka, hankalinka ya koma kan famfon mai, ko filta, ko datti a sensar iska. Minti kaɗan ne, amma sun raba ka da sayen kayan da ba su da laifi. Haka batun batir yake. Lafiyayye mai cikakken caji mita za ta nuna wajen volt 12.6 mota a kashe, in an tayar kuma tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, sabon batir ma mutuwa zai yi, don matsalar tana wajen caji.

Wannan binciken aiki ne, kuma a biya shi. A nan kanikawa da yawa suke jin nauyi. Mai mota zai ce, “Haba Malam, roba kawai ka canza, me ka yi?” Amsata kullum ɗaya ce, cikin ladabi: “Ranka ya daɗe, canza robar ba wuya. Gano cewa ita ce, shi ne aikin, shi ya hana ka sayen sensa da famfo.” Na lura in aka faɗa wa mutum kuɗin bincike tun kafin a buɗe bonet, aka kuma kira shi aka nuna masa tsagin da idonsa, ba ya musu. Rigima tana tasowa ne idan ya ji kuɗin a ƙarshe. Garejin da ke yin bincike kyauta kuwa dole ya nemi kuɗinsa ta wata hanya, hanyar kuma ita ce canza abin da bai lalace ba. Daga nan amana ke fara tsagewa.

Motar da ta dawo ita ce asara mafi ɗaci. Aikin farko an biya, na biyu kyauta ne, ga shi ya tare gurbin da wata mota mai biya za ta shiga, ga mai ita yana ba da labari a duk inda ya zauna. Abubuwan da ke dawo da mota yawanci ba manya ba ne. Notin tof silinda da aka ɗaure da ƙarfin dantse maimakon sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, ba a kuma bi jerin da kamfani ya tsara ba, sai gasket ya sake ƙonewa. Man giya na gama-gari da aka zuba wa giyar CVT, wani nau'in giyar otomatik da take da nata man daban. Baƙin mai mai kauri irin 20W-50 a injin da aka ƙera don 0W-20, da sunan wai kauri shi ne ƙarfi, alhali hanyoyin man injin zamani ƙanana ne. Man birki da aka bar robarsa a buɗe, ga shi nau'o'insa DOT 3 da DOT 4 suna zuƙar danshi daga iska, ruwan da suka sha kuma yana sa su tafasa da wuri idan birki ya yi zafi. Shi ya sa a wurina babu motar da ke fita sai an hau titi da ita, kuma wanda ya gwada ba shi ne wanda ya gyara ba. Ido na biyu yana ganin filogin waya da aka manta ba a mayar ba.

Kayan gyara kuma, araha ba ta ado. Mai gareji yana da haƙƙin ɗora riba a kan kayan da ya sayo, domin shi ya zaɓa, shi ya tura aka ɗauko, shi zai ɗauki nauyi in suka ba da matsala. Abin da ba shi da haƙƙi a kai shi ne ɓoyewa: ya sa na hannu ya ce sabo ne, ko ya sa jabu ya karɓi kuɗin na asali. Ka gaya wa mutum iri nawa ne a kasuwa, da bambancinsu, ya zaɓa da saninsa. In shi ya zo da kayansa, ka sa masa, amma ka faɗa masa a fili cewa hannunka ka lamunce masa, ba kayan ba. Tsofaffin da aka cire a zuba masa a but ya tafi da su. Wannan ƙaramin abu ya kashe zargi fiye da duk wata rantsuwa.

Sai motar da ta kwana. Kwana ɗaya ba laifi. Wadda nake nufi ita ce wadda aka sauke wa injin, mai ita ya ce zai kawo kuɗin kaya, wata ya wuce, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilas, an fara neman wani noti nata ba a gani ba. Tana zaune a filin da kake biya wa haya, kuma in wani abu ya ɓace a jikinta kai ne da laifi. Maganinta tun ranar farko ake yinsa. Kowace mota ta samu takardarta: abin da mai ita ya ce yana ji, abin da aka gano, kiyasin kuɗi, lambar kilomita, yawan man da ke tanki, da duk ƙwarzanen da ta zo da shi. Babban aiki ba a kwance shi sai an ba da kafin alƙalami da zai sayi kaya. In ana cikin aiki aka ci karo da wani ciwon, a tsaya a kira mai ita, a tura masa hoto, sai ya ce a yi. Wasu suna ganin wannan tsauri ne. Ni na ga shi ne ke tsare zumunci, don rigimar gareji kusan duka daga “ai ban ce a yi ba” take farawa.

Batun kuɗi ba zan tsawaita ba. Kuɗin kayan kwastoma amana ne, ba a taɓa shi a biya wata bukata da niyyar mayarwa gobe. Aljihun mai gareji daban, akwatin gareji daban. Ka yanka wa kanka albashi kamar kowa, abin da ya rage bayan haya da wuta da ladan ma'aikata shi ne riba, kuma wani kaso nata na kayan aiki ne, domin jak da kwamfuresa da na'urar bincike duk tsufa suke yi. Bashi kuwa, in har za a bayar, a rubuta shi da rana. Ka fi yin hattara da kamfanoni masu motoci da yawa: aikinsu yana cika fili yana faranta rai, amma in biyansu yana ɗaukar watanni, kai ne kake ɗaukar nauyin motocinsu da jarinka.

Yara masu koyo su ne abin da na fi damuwa da shi. Akwai tunanin cewa in ka koya wa yaro komai zai tafi ya buɗe nasa ya janye maka mutane. Zai tafi, haka ne, kuma ya kamata ya tafi wata rana. Amma yaron da aka bari shekara da shekaru yana wankin noti da miƙo sifana, shi ne zai ɗaure maka tof silinda ba daidai ba ranar da ba ka nan. Ingancin gareji yana tsayawa ne a hannun mafi ƙarancin sani da ke taɓa mota a cikinsa. Ka koya masa karanta zanen waya, ka koya masa dalilin kowane gwaji, ka biya shi abin da zai hana idonsa zuwa kan canjin kwastoma. Kada kuma ka taɓa bari ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an kafa mata ƙafafun ƙarfe, komai ƙanƙantar aikin, komai saurin da ake yi.

Sanin aikin da za ka ƙi ma yana cikin riba. Ƙaramin gareji mai zaman kansa ba zai iya sayen na'ura da bayanan kowane kamfani ba. Gara ka zaɓi iri biyu ko uku ka san su ciki da bai, sauran ka tura wa wanda ya fi ka, shi ma zai turo maka. Bayanan gyara kansu sun zama abin kokawa tsakanin kamfanonin ƙera motoci da garejoji irin namu. A 2012 masu zaɓe a jihar Massachusetts ta Amurka suka amince da dokar da ta tilasta wa kamfanoni buɗe wa kanikawa masu zaman kansu bayanan da suke ba dillalansu, a 2020 kuma suka sake kaɗa ƙuri'a a kan bayanan da mota ke aikawa ta iska. Ina bibiyar irin wannan labari don ya shafi tukunyarmu kai tsaye: in bayani ya kulle, gwaninta ba ta da inda za ta kama.

Motoci masu haɗa fetur da lantarki kuwa sun daɗe da daina zama baƙi, tun da Toyota ta fitar da Prius a Japan a 1997. Batirin da yawansu yana ɗauke da wutar da ta haura volt 200, wayoyinsa masu ruwan lemo ne don gargaɗi, kuma kuskure ɗaya a kansu yana iya kisa. Motar lantarki zalla ba ta da juyen baƙin mai, ba filogin injin, ba salansa, wato wani ɓangare na ƙananan ayyukan da ke riƙe gareji kullum zai ragu. Birki, ƙafa, sitiyari, taya, na'urar sanyaya da wayarin suna nan. Ni dai na yanke shawara: kuɗin kayan aiki na gaba da zan ware, safar hannu ta aikin babbar wuta zan fara saya da mitar da aka yi domin irin wannan wuta, in tura babban yarona horo. Kafin ya dawo, duk motar da ta shigo da waya mai ruwan lemo, birki da ƙafa kawai muke taɓa mata.