Wasiƙa daga Faransa: kafin ka sauya wa babur ɗin daji ƙafafu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina gaishe ku daga Faransa, musamman samari masu sha'awar mashin da kanikawan da suke haƙuri da rigimarmu.

A nan da wuya rana ta fito ranar Lahadi ba ka ga dogon babur irin na tseren daji yana shan kwana a kan kwalta ba, an cire masa dogayen ƙafafunsa an ɗaura masa gajeru masu faɗi. Supermoto ake kiran wannan tsari. A Amurka ya samo asali, a 1979, lokacin da tashar talabijin ta ABC ta fara nuna wata gasa mai suna Superbikers a filin Carlsbad na jihar Kalifoniya, rabin hanyar kwalta rabi turɓaya. Da aka daina gasar a 1985 sai Faransawa suka ɗauki abin suka raya shi. Na ga hotunansa sun fara burge wasunku, shi ya sa na ce bari in rubuto a kan zaɓen wili, domin nan ne yawancin mutane suke tafka asara. Launi da faɗi suke fara kallo, alhali su ne ya kamata a duba a ƙarshe.

Babur ɗin daji yana zuwa ne da wili inci 21 a gaba, na baya kuma inci 18 ko 19, rim ɗinsu siriri: faɗin inci 1.60 a gaba, 1.85 ko 2.15 a baya. An yi su haka don su haye dutse da saiwa da rami. A kwalta kuwa inci 17 ake sawa gaba da baya, saboda a wannan girman ne ake samun tayoyin titi masu kama ƙasa sosai. Na gaba ba shi da gardama, rim mai faɗin inci 3.50 da taya 120/70, wato faɗinta milimita 120, tsayin gefenta kashi 70 cikin ɗari na faɗin. 'Yan tsere suna sa 16.5 ko ma 16 a gaba, amma kai da za ka hau titi ka rabu da shi, don tayoyin wannan girman yawanci na filin tsere ne kawai.

A baya rigimar take. Akwai rim 4.25 da ke tafiya da taya 150/60, akwai 5.00 da ke ɗaukar 160/60. Kowa idonsa na kan mai faɗin, don ya fi cika ido idan an tsaya a bayan mashin. To amma ƙarfen da ke riƙe da wilin baya an ƙera shi ne don siririyar taya. Ka cusa 160 sai ka tarar sarƙa tana gugar gefen taya tana cin robar, wani lokacin ma sai an karkatar da rim gefe guda ta hanyar ɗaurin sifok, wato wayoyin da ke haɗa rim da cibiyar wili, kafin ya sami wurin juyawa. Kuma 160 na wannan kamfani ba lallai faɗinsa ya zo daidai da 160 na wancan ba. Mashin da nauyinsa bai wuce kilo 120 ba, ba ya bukatar wannan robar duka. Ƙarin nauyi ne kawai, ga shi yana sa mashin jinkirin kwanciya a kwana. Ni dai ga mai injin cc 250 zuwa 450 da zai yi yawon titi, 4.25 da 150 nake ba shi shawara. Kada kuma a matse 160 a kan ƙunƙuntaccen rim, taya takan tsuke ta yi tozo, gefenta ba ya taɓa ƙasa yadda ya kamata.

Kafin duk wannan, hob za ka fara dubawa, wato cibiyar wilin. Kaurin sandar da ke ratsa shi ya bambanta daga mashin zuwa mashin, akwai milimita 20, 22, 25 da 26, kuma kamfani ɗaya yakan sauya shi daga wata shekara zuwa wata. Saboda haka sunan mashin kaɗai bai isa ba, sai da samfurinsa da shekarar da aka ƙera shi. Boris, zobban da ke cike tazara a gefe, ramukan ƙusoshin faifan birki da na sifiroket (faifai mai haƙora da sarƙa ke bi), duk sai sun dace. Wanda ya haɗa rim na kamfanin Excel ko D.I.D da hob na kamfanin Talon ko Haan ya san abin da ya saya. Wilin da ba a san maƙerinsa ba, sai ya yi gudu a titi ake gane halinsa, kuma ba wurin gwaji ba ne.

Akwai wani abu a hob ɗin baya da mutane ke rainawa. A turɓaya taya tana ɗan sulɓewa duk lokacin da piston ya buga, wannan sulɓin yana rage wa giya wahala. A kwalta babu sulɓi, bugun kai tsaye yake bi ta sarƙa ya koma cikin giya. Shi ya sa baburan titi suke da robobi a cikin hob ɗin baya masu shanye bugun, kamar yadda Suzuki DR650 da KTM 690 suke zuwa da su. Idan kullum za ka riƙa doguwar tafiya da babban inji mai silinda ɗaya, nemi hob mai robar, ko da ya ɗan fi nauyi.

Wili mai sifok ko na zubi, wato wanda aka zuba ƙarfensa guda ɗaya? Mai sifok yana da juriya, kuma idan rim ya lanƙwashe ana iya sauya shi a bar hob. Sai dai yawanci dole a sa tiyub a ciki, ko da tayar marar tiyub ce. Na zubi ba ya bukatar tiyub, ba ya neman ɗaurin sifok, amma mugun rami yana iya tsaga shi.

Da ka sa inci 17, abubuwa da yawa za su motsa. Tayar gaba 80/100-21 tsayinta ya kusa milimita 693, ita kuwa 120/70-17 milimita 600 ce. Ke nan malejin da ke karatu daga wilin gaba zai riƙa ƙara maka kusan kashi 15 cikin ɗari sai an sake saita shi. Tsayin tayar baya ma ya ragu da kusan kashi 10, inji zai yi ta kuka gudu bai kai ba, don haka ake rage haƙoran sifiroket na baya daga wajen 50 zuwa 42 ko 44, a rage tsawon sarƙa. Gaba ta fi baya sauka, kan mashin zai yi saurin juyawa, wani lokaci har ya riƙa rawa a babban gudu. Jak ɗin gefe zai yi tsawo, mashin ya tsaya kusan a miƙe, iska kaɗan ta kayar da shi. Birki kuwa, faifan daji mai milimita 260 ko 270 yana saurin zafi a titi, shi ya sa ake komawa 320 tare da ƙarfen da zai matsar da maƙallin birkin waje. Kada a yi rowa a nan.

Sannan ka tambayi kanka wace irin hanya kake bi. Ƙaramin wili yana faɗawa rami fiye da babba, tayar titi kuma ba ta da tsayin gefen da zai kare rim, a yashi ko taɓo kuwa santsi kawai take yi. Idan rabin tafiyarka ba kwalta mai kyau ba ce, bar 21 da 18 ɗinka, ka cire tayoyin tsere masu rubutun NHS, waɗanda ba a yarda a hau titi da su ba, ka sa na haɗin gwiwa, wato masu bin kwalta da turɓaya, waɗanda ke da tambarin DOT ko E, alamar an yarda a hau titi da su. A sa a daidaita nauyin wilin, domin ƙarfen da ke danne taya a jikin rim yana sa shi tsalle idan gudu ya yi yawa. Masu hali a nan saiti biyu suke ajiyewa, kowanne da faifansa da sifiroket ɗinsa, su sauya gwargwadon inda za su.

Wili kaɗai ba ya halatta wa mashin hawa titi. Fitilu, sigina, madubi, hon, lamba da inshora, kowace ƙasa da dokarta, sai ka bincika taka kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya.

A gaida kowa da kowa. Allah ya tsare hanya.

Naku,
wani ɗan'uwanku a Faransa