Huhu Ya Shirya, Ƙwauri Bai Shirya Ba

'Yan'uwa masu shirin shiga kwas ɗin zaɓen dakaru na musamman, ga inda na kai a nawa shirin.

Gudu ya zauna mini. Tazarar da a da nake gamawa ina haki, yanzu ina ƙarasa ta ina hira da na gefena. Duk da haka rage gudun na yi a wannan zangon, kuma na san akwai waɗanda suke ganin sanyin jiki ne ya kama ni. Dalilina shi ne zuciya da huhu suna saurin karɓar horo, cikin 'yan makonni mutum zai ji ya zama wani daban, amma ƙashi da jijiyoyi watanni suke ɗauka. Idan aka matsa wa ƙashi da nauyi, jiki yakan fara zaizaye wurin da ya gaji kafin ya cike shi da sabo, kuma a wannan tsakanin ƙashin ya fi rauni. Wanda ya ji numfashinsa ya buɗe ya ninka tazara a lokacin, shi ne ke ƙarewa da tsagewar ƙashi a ƙwauri ko a bayan ƙafa. Ku lura da bambancin ciwo biyu. Akwai wanda ke bazuwa a tsawon ƙwauri, ya lafa idan jiki ya ɗau zafi. Akwai kuma wanda za ka iya ɗora yatsa ɗaya a kansa ka ce nan ne, yana ƙaruwa da tafiya, wani lokaci har da dare kana kwance. Na biyun nan ba na cije haƙori ba ne, na likitan bariki ne, domin tsagewa takan cinye mako 6 zuwa 8 ko fiye, kuma kwas ba ya jiran kowa.

Abin da na mayar da hankali a kai yanzu shi ne tafiya da jaka a baya. Duk wanda ya duba yadda manyan rundunonin duniya ke tace mutane zai ga nauyi a baya ne ginshiƙin abin. Masu neman shiga SAS, rundunar dakaru na musamman ta Birtaniya, suna haye dutsen Pen y Fan mai tsayin mita 886 a yankin Wales, su gangara, su sake hawa ta ɗaya ɓangaren, tafiyar kilomita 24 da jaka da bindiga. A ƙarshen zangon duwatsu na gwajin nasu kuma akwai tafiyar kilomita 64 da ake so a gama cikin awa 20. A sojan Amurka ma'aunin da aka sani shi ne mil 12, wato kusan kilomita 19, cikin awa 3 da jaka mai kimanin kilo 16. Ba na kawo waɗannan don wani ya tashi gobe ya kwaikwaya ba. Rundunarka tana da nata ma'auni, shi za ka nema wajen waɗanda suka yi kwas ɗin. Ni dai sau ɗaya a mako nake ɗaukar jaka mai nauyi, kuma abu ɗaya nake ƙarawa a lokaci guda: ko nauyi, ko tazara, ko sauri. Ba na gudu da ita a horo. Sauran kwanakin na ɗaga ƙarfe ne don cinya da baya, da iyo, da sassarfa mara nauyi.

Shirya jakar ma ilimi ne. Kaya mai nauyi yana zama sama, manne da tsakiyar baya. Idan ya zauna a ƙasa sai ya riƙa janyo ka baya, ka duƙa don ka rama, ƙugu ya biya bashin.

Sai ƙafa, wadda na fi ɓata wa lokaci fiye da komai. Bororo yana fitowa ne daga guga da danshi, kuma yana aiko da saƙo kafin ya iso: wani ɗan zafi a dunduniya ko gefen ƙaramin yatsa, kamar an ɗora garwashi ƙarami. Da na ji shi nake tsayawa. In sauke jaka, in kwance igiyar takalmi har ƙasa, in cire safa in karkaɗe yashi, in shanya ƙafar a iska, in manna filasta a shimfiɗe ba tare da ta tattare ba, domin tattararriyar filasta ita ma bororo take haifarwa. In sa busasshiyar safa, jiƙaƙƙiyar in rataye ta a bayan jaka. Duka bai fi minti biyar ba. Wanda ya ƙi ba da minti biyar ɗin nan zai yi sauran tafiyar yana ɗingishi, ɗingishin ya sauya masa taku, gwiwa ta karɓi ciwon. Safar auduga na daina sa ta gaba ɗaya saboda tana riƙe gumi. Farce a yanke shi miƙe. Takalmin da za ka shiga kwas da shi kuwa, ya kasance ya riga ya san ƙafarka tun da watanni.

Taswira da kamfas ne inda nake ganin ƙarfafa da yawa suna sakaci. A taswira mai ma'aunin 1:50,000, santimita 2 kilomita ɗaya ce a ƙasa. Na auna takuna a mita 100, ina ƙirga duk saukar ƙafar hagu; yawancin mutane suna faɗawa tsakanin 60 da 70 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, amma adadin yana hawa da jaka, a hawan tudu, da kuma cikin duhu, don haka kowane yanayi sai ka auna nasa. Wajen ƙiyasta lokaci ina amfani da ƙa'idar da Naismith, wani mahayin duwatsu ɗan Scotland, ya kawo a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa, sannan in ƙara nawa saboda nauyi. Na koma yin wannan lissafin a ƙarshen doguwar tafiya, lokacin da kai ya yi nauyi, domin a irin wannan halin za a tambaye ni shi.

Zafi kuma ba abin jarumta ba ne. A Yulin 2013 sojoji uku na rundunar ko-ta-kwana suka rasu sakamakon zafi a tafiyar gwajin SAS a waɗancan duwatsun na Wales, kuma dukkansu ƙarfafa ne masu himma. Jiki yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki cikin zafi. Idan abokin tafiyarka ya fara magana ba kan gado, ko yana tangaɗi, a sauke masa kaya, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a kira taimako nan take. Idan fitsarinka ya koma baƙi-baƙi bayan aiki mai tsanani ga ciwon tsoka, wannan alamar tsoka ce ke narkewa tana barazana ga ƙoda. Ɗura ruwa fiye da kima ba tare da gishiri ba shi ma yana kashewa.

Game da shirin zuciya, na yi sabani da masu hana kansu barci wai don su saba. An san makon wahala na dakarun SEAL, na musamman na sojan ruwan Amurka, kwana biyar da rabi da barcin da bai wuce kimanin awa 4 ba, ga ƙararrawa a rataye wadda mai son janyewa zai buga sau uku. Amma rashin barci ba a tara juriyarsa, jiki kawai yake ci, ya hana ƙashin nan da muke lallaɓawa warkewa. Abin da nake horar da kaina a kai daban ne. A irin waɗannan kwasa-kwasan sau da yawa ba a gaya maka nisan da ya rage, malamai ba sa yaba maka, ba sa kuma nuna maka ka gaza. Shirun nan yana karya mutane, su yanke wa kansu hukuncin da ba a yanke musu ba. Shi ya sa nake fita ni kaɗai wasu lokuta, ba waƙa a kunne, wani abokina ya zaɓa mini hanya bai faɗa mini tsawonta ba. Idan tunanin tsayawa ya zo, ba na gardama da shi, sai in ce masa sai an kai wancan tudun. Na kuma yi wa kaina doka cewa ba na yanke shawara cikin dare ko da yunwa.

Wani abu da nake roƙonmu a kai: kada shirin nan ya sa mu raina aikin da ke hannunmu. Gadi, fareti, goge bindiga, biyayya ga saje, duk suna cikin abin da kwamanda zai duba kafin ya sa hannu a takardarka. A wasu kwasa-kwasan ma abokan tafiyarka ne ake tambaya ko za su yarda su yi aiki da kai, kuma suna ganin wanda ke zillewa idan an zo ɗaukar kayan taro.

Zango na gaba zan bar nauyin jaka yadda yake, in ƙara tazara kaɗan, in koma tafiyar dare da kamfas. Wanda ya samo dabarar hana igiyar jaka goge kafaɗa ya taimaka mini da ita, tawa ta hagu har yanzu tana saɓulewa.