Yadda na yi wa ɗan gidana rufi a Bauchi

Duk wanda yake garin Bauchi a watan Yunin 2018, lokacin da guguwa ta auko ana tsakiyar shagalin ƙaramar Sallah, ba zai ƙara ɗaukar rufin ɗaki da wasa ba. An yi asarar rayuka, gari ya waye kwanuka warwatse a kan tituna. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rufin da na ga ya tashi ɗungurungum, kwano da katako a haɗe, ya bar bango tsirara. Ƙusa ba ta saki ba, kwanon bai yage ba. Katakon ne ba a ɗaure shi da ginin ba.

Saboda haka da Allah ya hore mini fili wajen Tirwun na tayar da ciki biyu da falo, maganar rufi na fara ta tun gini yana linta. Na sa magini ya binne langa-langa, wato siririn ƙarfen ɗauri mai lanƙwasuwa, a cikin kankaren lintar, kusan kowane ƙafa huɗu, da kuma kowace kusurwa, ya fito da bakinta sama ta cikin bulon da ya biyo baya. Idan aka kwantar da katakon kan bango, sai a naɗo ta a kansa da kan rafta, wato katakon da ke gangarowa daga ƙololuwar rufi, a buga ƙusa. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma mutane da yawa sai gini ya kai ƙarshe suke tunawa da ita, a liƙa ta a layin bulo na sama kaɗai. Iska mai ƙarfi da bulon take tafiya.

Kafintan da muka yi aikin dattijo ne, ni kuma na zama yaronsa, ina miƙa katako, ina riƙe igiya, daga baya ya bar mini guduma. Tare muka je kasuwar katako ta Muda Lawal. Kowane tu-bai-fo, wato katako mai kaurin inci biyu da faɗin inci huɗu, sai ya ɗaga, ya kanne ido ɗaya ya duba tsawonsa. Mai lanƙwasa ya ajiye gefe, mai nauyin ruwa ma haka. Na ce, "Baba, ai duk a ɓoye za su kasance." Ya ce, "Malam, ɗanyen katako a saman ɗakinka zai bushe, yana bushewa yana murɗewa, yana murɗewa yana zare ƙusa." Kafin mu hau da ko ɗaya sai da muka shafe su da baƙin mai haɗe da maganin gara, har da bakin duk inda zarto ya yanka, don ta nan gara ke samun hanya.

Yanzu ana yayin dogon rufi mai tsini. Yana da kyau a ido, ba musu, amma yana cin katako da kwano, kuma yana tare iska. Ni mai gangare huɗu na zaɓa, matsakaicin tsawo, bakinsa bai wuce bango da fiye da ƙafa ɗaya da rabi ba. Baki mai faɗi yana ba da inuwa, sai dai ta ƙarƙashinsa iska ke shiga ta ɗaga.

Aljihuna bai kai dogon kwanon alminiyam ba, na sayi na gama-gari, mai guda 20 a bandir. A nan ma akwai zaɓi. Wani kwanon idan ka matsa da yatsa sai ya lotsa, irinsa kan ƙusa ne ke huda shi ya fice. Na ƙara kuɗi na ɗauki mai kauri.

Bugun kwano shi ne inda na fi koyon aiki. Da asuba muke hawa, domin a watan Maris idan hantsi ya ɗaga kwano ba ya taɓuwa, ga ƙyallinsa yana kashe ido. Hadarin farkon damina a nan daga gabas yake tasowa, don haka daga yamma muka fara jerawa muna nufar gabas, kowane kwano ya hau kan na bayansa, bakin haɗin yana kallon yamma, iska ta bi ta kansa ta wuce. Layin ƙasa ake fara bugawa, na sama ya sauko a kansa da kamar inci 6. Ƙusa mai hula a kan tudun kwano ake buga ta, ba a kwarin da ruwa ke bi ba, kuma da ta zauna sai ka dakata. Bugu ɗaya na ƙari yana lotsa tudun ya zama matattarar ruwa. A tsakiya muna tsallake tudu, amma a gefuna da ƙololuwa Baba bai yarda a yi rowar ƙusa ba, don nan iska ke fara ɓamɓara. Idan za ka taka, bi layin ƙusoshi, nan ne katako yake a ƙasa.

Bangon gabas na fara yi wa filasta, tun kafin na cikin ɗaki, saboda shi ruwa ke duka kai tsaye, kuma bulon da bai sami sutura ba yana shan ruwa har danshi ya bayyana a ciki. Na yi ta ba shi ruwa safe da yamma don kada ya tsattsage. Tsakanin bango da kwano muka toshe, muka bar 'yan ƙofofin iska da raga a kai, zafi ya samu mafita, jemage da tsuntsu kuma su rasa mashiga.

Silin sai bayan damina na sa, da gangan, don in ga duk inda ke ɗiga tun katako yana fili. Wuri biyu ne a kusurwar da gangare ke haɗuwa, muka ƙara kwano a ƙarƙashi. Na kuma sa aka bar ƙaramar ƙofa a silin falo, ta nan nake leƙawa da tocila kafin ruwan farko in duba langa-langa da alamar gara.