Garma Ake Fara Zaɓa, Sannan Tarakta

Sana'ata sayar da ƙananan taraktoci ce da gyaransu. Kamfanin namu ba babba ba ne, ni ne da 'yan makanikai da yaron da ke kula da kayan gyara. Masu zuwa wurinmu kuma galibi ba manyan manoma ba ne. Mutum ne mai 'yan hekta kaɗan a karkara, wani lambu gare shi, wani dabbobi, wani itatuwa ya dasa, kuma bai taɓa mallakar tarakta ba. Kusan dukkansu da tambaya ɗaya suke shigowa: "Malam, wannan doki nawa ce?", wato ƙarfin injinta nawa ne. Ni kuwa ba na gaggawar amsawa sai na ji aikin da za ta yi.

Tarakta ita kaɗai ba ta huɗa, ba ta yankan ciyawa, ba ta kwasar taki. Abin da aka ɗaura mata ne ke yin aikin, ita nata ja da ɗagawa da juyawa. Shi ya sa nakan zaunar da mutum in ce ya lissafo mini abin da yake yi a filinsa daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, da wanda yake biyan wasu su yi masa, da wanda ya haƙura da shi don ya fi ƙarfin hannu. A cikin lissafin nan ba a rasa aiki ɗaya mai nauyi da ake yawan maimaitawa. Shi muke nema. In mun same shi sai mu zaɓi na'urar da ke yin sa, mu san faɗinta da nauyinta, sannan mu nemo taraktar da za ta ɗauke ta ba tare da nishi ba. Aikin da ba ya tasowa sai bayan shekaru, irin su tuge kututture ko haƙa tafki, ba a sayen tarakta dominsa. Ranar da ya taso a ɗauko hayar babbar mota.

Ba na sayar wa sabon shiga sai na taka filin da ƙafata, ko na tura ɗaya daga cikin yarana da tef ɗin awo. Gani ya kori ji. Muna auna faɗin ƙofa, da tsayin rumfar da za a riƙa ajiye motar, da tazarar da ke tsakanin itatuwa. Muna duba gangare da inda ruwa ke kwanciya, mu damƙi ƙasar mu ji ko laka ce ko rairayi. Yawan hekta kaɗai ba ya gaya mini komai, domin ƙaramin fili mai laka da gangare ya fi babban fili shimfiɗaɗɗe mai rairayi cin ƙarfin mota.

Idan na zagaya da mai saye, ta baya nake fara nuna masa tarakta, wurin maɗaurin nan mai hannu uku, biyu a ƙasa ɗaya a sama. Harry Ferguson ne ya ƙirƙiro shi, ya yi masa rajista a 1926, kuma ya bazu a duniya da taraktar Ford 9N ta 1939 da Ferguson TE20 da aka fara ƙerawa a Ingila a 1946. Kafin nan jan garma ake yi a bayan mota kamar tirela. Da maɗaurin nan sai garma ta zama wani sashe na taraktar, tirjiyar ƙasa ta koma tana danna tayoyin baya, ƙaramar mota ta yi aikin da a da sai babba. Yawancin ƙananan taraktoci maɗaurin aji na ɗaya gare su, mai fil na milimita 22 a ƙasa da na milimita 19 a sama, saboda haka garmar wani kamfani na shiga motar wani kamfanin. Abin da nake so mai saye ya lura da shi a takardar bayani shi ne nauyin da maɗaurin ke ɗagawa. Wasu kamfanoni suna auna shi a bakin hannuwan, wasu a santimita 61 daga baya. Na biyun ne ya fi kusa da gaskiyar aiki, don nauyin garma ba a bakin hannu yake zama ba, a can baya yake.

A nan bayan kuma sandar PTO take, wato sandar da ke kai ƙarfin inji ga na'urar da aka ɗaura, mai haƙora shida, wadda ke juyawa sau 540 a minti tana tura injin yankan ciyawa ko na barzar ƙasa ko famfon ruwa. Kowace tarakta lambar doki biyu gare ta: ta inji, wadda ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin mota, da wadda ke isa wannan sanda bayan giya da famfon haidurolik, mai tura man da ke ɗaga kaya, sun ci rabonsu. Tarakta mai doki 25 takan fitar da 19 ko 20 ne a sandar. Mu a sana'a muna ƙiyasta doki biyar ga kowace ƙafa ɗaya ta faɗin injin yankan ciyawa, wato irin wannan mota mai faɗin ƙafa huɗu ya dace da ita. In an ɗaura mata mai ƙafa shida za ta juya shi a ciyawa mai laushi, amma da ta shiga mai kauri sai inji ya shaƙe.

Sai maganar nauyi, wadda na fi daɗewa a kanta da kowa, domin ita ce aka fi rainawa. Ana samun taraktoci biyu masu doki kusan ɗaya, amma ɗaya kilo 700 ce, ɗayar kuma ta kai 1,200. A takarda kamar 'yan uwa suke, a gona ba haka ba ne. Wajen jan garma, ƙaramar tarakta ba kasafai ƙarfin inji ke yanke mata ba. Taya ce ke fara sulɓewa tana haƙa rami a wuri ɗaya, inji na ta kuka. Nauyi ne ke manna taya da ƙasa. Wanda aikinsa yankan ciyawa ne a kusa da gida, mara nauyin ta fi masa, don ba ta danne ƙasa ba ta ɓata fili. Wanda zai yi huɗa ko ya ja tirela cike da kaya, ya nemi mai nauyi da manyan tayoyi ko da dokinta bai fi na waccan ba. Ana iya ƙara nauyi, a zuba ruwa a tayoyin baya har kashi uku cikin huɗu, ko a ɗaura ƙarafa a jikin wili, amma akwai iyakar da kamfani ya sa, kuma ƙaramin gatari ba ya zama babba don an loda masa ƙarfe.

Loda, wato bokitin gaba, na ga ita ce mutane suka fi amfani da ita bayan sun saya, har waɗanda suka ce ba sa buƙatarta. Taki, tsakuwa, buhuna, itace, duk da ita. In da hali a saye ta tare da motar tun farko, don haɗawa daga baya ya fi wahala. Sai dai bokiti in ya cika yana sauke nauyi daga tayoyin baya ya ɗora wa gatarin gaba, dole a rataya wani abu mai nauyi a baya ya daidaita. Kuma mai loda ya sayi wadda tayoyinta huɗu ke ja. Ban da jan da take ƙarawa a laka, yawancin ƙananan taraktoci a baya kawai birkinsu yake, sai an sa ta a ja huɗu sannan birkin ke kama na gaba, abin da ke da muhimmanci in ana gangarowa da kaya.

Giya iri biyu ce. Akwai ta hannu mai kuloci, akwai ta haidurolik wadda feda kawai ake takawa a yi gaba ko baya. Mai yawan aikin loda, ko gidan da mutane da yawa za su riƙa tuƙawa, ta haidurolik ta fi sauƙi. Mai doguwar huɗa a miƙe, ta hannu ta fi kai ƙarfi ƙasa, kuma kowane bakanike na iya buɗe ta.

Game da suna, Kubota da Yanmar na Japan, John Deere na Amurka, Mahindra na Indiya, Kioti na Koriya ta Kudu, da Massey Ferguson, duk suna ƙera ƙananan taraktoci masu aiki, har ma injin Yanmar ne a cikin da yawa daga ƙananan John Deere. Ba na ɓata lokacin mutum da gardamar wanne ya fi. Abin da nake tambayarsa shi ne, in bel ya tsinke ko famfon mai ya tsaya a tsakiyar lokacin shuka, wa ke da kayan a kusa, kuma kwana nawa za su yi kafin su iso? Ko ba ni ne ke sayar da wannan sunan ba, nakan ce ya bi wanda kayan gyaransa ke kusa da shi. A nan ne kuma nake jan kunne kan tsoffin taraktocin da aka ƙera don gonakin shinkafar Japan, aka fitar da su waje ba ta hannun kamfani ba. Injinsu na da kyau, amma sau da yawa lambarsu ba ta cikin littafin dila, kuma da yawa ba su da ƙarfen kariya da ke tare direba in mota ta kife.

Tarakta ta hannu, wato wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, ba laifi ba ce, in an duba ta. Ina so in same ta a sanyaye in tayar da ita da kaina, don injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. Hayaƙi mai shuɗi da bai ɗauke ba alamar tana shan baƙin mai ne. Man haidurolik in ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. A ɗaga garma sama a kashe inji a ga ko za ta riƙa sauka da kanta. A gwada agogon awa da cinyewar feda da kujera, in agogo ya ce sabuwa ce feda kuwa ta suɗe, ba feda ce ke ƙarya ba. Sayen nagari mayar da kuɗi gida, kuma kuɗin da za a biya bakanike ya duba bai kai na buɗe inji ba.

Akwai abu ɗaya da ba na sassauci a kansa. Ba na fitar da tarakta daga shagona ba tare da ƙarfen kariyar da ke bayan kujera da bel ɗinsa ba. Kifewa ita ce ta fi kashe masu tuƙa tarakta, kuma tun 1959 ƙasar Suwidin ta wajabta wannan ƙarfe a kan sababbin taraktoci, mace-macen suka ragu ƙwarai. Ƙarfen da bel tare suke aiki, don bel ne ke riƙe mutum a cikin sararin da ƙarfen ya kare. Tarakta in gabanta ya tashi za ta kife ta baya, ƙasa da daƙiƙa ɗaya take kaiwa inda ba ta dawowa, kuma abin da ya fi jawo haka shi ne ɗaura sarƙa a sama da sandar ja, wato ƙarfen da ke ƙasa a baya inda ake ɗaura tirela. Sandar PTO kuwa sau tara take juyawa a daƙiƙa, in ta kama gefen riga babu mai saurin da zai ƙwace. Murfinta ya zauna a kai, a kashe inji kafin a sauka. Kujera ɗaya ce, kada a ɗauki yaro ko da yana kuka.

Ranar da muka kai mota, ba ma sauke ta mu juya. Mai ita zai hau ya tuƙa a gabanmu, ya ɗaura garma ya kwance da hannunsa har sai ya iya, mu nuna masa duk bakin da ake sa giris, da yadda ake fitar da matatar iska a kaɗe ta, da ragar gaban lagireto da ƙaiƙayi ke toshewa har inji ya yi zafi. In sabuwa ce, sabis na farko yawanci a awa 50 yake, lokacin da ake juye man da ya kwashe ɓurɓushin ƙarfen sabon inji, a canza matatai, a sake ɗaure notocin wili da na loda. Wannan sabis ɗin nakan rubuta shi a littafina, in lokaci ya yi ban ji daga mai motar ba in kira shi in tambaye shi awa nawa agogo ya nuna.