Saƙon godiya: an sallami Baba daga bibiyar huhu

Alhamdulillah, Alhamdulillah. Jiya likita ya rufe fayil ɗin Baba. Ɗan ƙullutun da aka gano a huhunsa yana nan a milimita 7 yadda aka fara ganinsa shekara 2 da suka wuce, bai motsa ba, kuma ya ce irin wannan mai tauri idan ya cika wata 24 bai ƙaru ba to ba ɗabi'ar kansa ba ce, ya fi zaton tabon wani tsohon ciwo ne da ya warke tuntuni. Wallahi ina fitowa ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, a bakin ƙofa na zauna.

Kun san komai ba sai na maimaita ba. Abu ɗaya dai nake so in faɗa, ranar hoton siti (CT, injin da ke ɗaukar hoton cikin jiki) na biyu, na wata 6. An kwantar da Baba a injin, aka ce ya riƙe numfashi, ya kasa. Sau biyu hoton na fita a dagule saboda ƙirjinsa na rawa, mutumin da ban taɓa ganin tsoro a idonsa ba, ni kuma an fitar da ni waje. Ashe ma'aikaciyar ɗakin hoton tasowa ta yi daga bayan gilashi ta tsuguna gefensa ta ce "Baba, mu gwada tare, ni ma zan riƙe nawa", ta dafa masa hannu tana ƙirga masa da yatsu har goma, sau uku suka yi kafin ta koma ta danna. Layi fa a cike yake a waje. Baba har yau in ya tuna sai ya ce "yarinyar nan Allah ya yi mata albarka". Baiwar Allah ban ma tambayi sunanki ba, Allah ya jiƙan mahaifanki, ya ba ki mai tallafarki ranar da kike buƙata.

Likitanmu na gode da haƙuri da ni, don na matsa a ciro abin kawai a huta, ya zana min shi da biro a takarda ya nuna min ƙanƙantarsa, ya ce allurar da ake ɗebo samfurinsa da ita na iya kuskure shi ta kuma huda huhu a banza, sai ya haura milimita 8 ko ya fara girma ake wannan maganar, tunda dai Baba ya taɓa shan sigari ba za a bar shi ba a bibiyarsa da hoto ba. Lokacin haushi na ji, yanzu na gane.

Yaya babba, na san za ka ce me ya sa na ambace ka, to na ambata, kai ka ɗauki nauyin hoto ukun nan ba wanda ya sani. Autarmu da ke adana faifan hotunan don a riƙa kwatanta sabo da tsoho, Abban yara da ya jure kukana na dare, Allah ya saka muku da Aljanna, ya raba ku da zaman jiran sakamako, ya ba duk marasa lafiya lafiya.

Waɗanda suka yaɗa a dangi cewa kansa ce amma ko sau ɗaya ba su leƙo ba, ba komai, mun yafe, sai dai Baba ya tambaye ku ya fi a ƙirga.

Mai maganar zuwa dubiya ya bari sai jibi don Allah, Baba tun jiya barci yake, ni ma shi zan yi.