Rabin aikina a waya nake yin sa

Lokacin da na zaɓi fannin ƙwayoyin cuta bayan karatun likitanci, abokaina sun ɗauka gudun wahalar zagayen gadaje na yi. Gaskiya ne, yawancin majinyatana ban san fuskarsu ba. Jininsu ne ke zuwa min, ko kaki, ko fitsari, ko ruwan laka da aka zuƙo daga bayan yaron da ake zargin yana da sanƙarau.

Abu na farko da aka koya min shi ne rinin Gram, wato rina samfur don a gane irin ƙwayar cutar da ke ciki, wanda Hans Christian Gram ya fito da shi tun 1884, kuma har yau ban ga abin da ya maye gurbinsa ba. Shuka samfur a faranti sai ya kwana a zafin digiri 37, awa 18 zuwa 24, sannan a ƙara wata kwanar kafin a san maganin da zai kashe ƙwayar. Mai sanƙarau ba zai jira kwana biyu ba. Rini kuwa 'yan mintuna ne. Idan na leƙa madubin ƙara girma na ga ƙwayoyi jajaye, bibbiyu a manne cikin ruwan laka, alamar sanƙarau ke nan, ba na tsayawa rubuta takarda, waya nake ɗagawa in kira likitan da ke kan gadon.

Abin da ya fi ɗaukar min lokaci kafin in ƙware shi ne gane cewa ba duk abin da ya tsiro a faranti ne cuta ba. A ɗebi jini ba a goge fata da kyau ba, sai ƙwayar Staphylococcus ta fata ta tsiro, a ɗora wa mutum magani mai ƙarfi a banza. A ɗiba bayan an riga an yi allurar antibayotik, sai faranti ya fito fes alhali cutar na nan. A kawo yawu a ce kaki ne. Mayar da irin wannan samfur yana jawo ɓacin rai, amma na gwammace a yi fushi da ni a kan in sa hannu a sakamakon ƙarya.

Na'urori sun sauƙaƙa abubuwa, ba musu. Ƙwayar tarin fuka kan kai mako takwas kafin ta tsiro. GeneXpert, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010, cikin awa biyu yake ba da amsa, har ya nuna ko ƙwayar ta bijire wa maganin rifampicin. Sai dai matacciyar ƙwaya ma yana ganinta, don haka dole in tambayi ko mutumin ya taɓa shan magani.

Ɓangaren jami'a kuma, ƙarin girma da maƙalu ake auna shi, ga koyarwa, ga aikin asibiti, lokaci ba ya isa. Binciken da ya fi min amfani daga rajistar ɗakin gwajinmu ya fito: tattara sakamakon shekara guda, a ga wace ƙwaya ce ta daina jin wane magani. An ƙiyasta cewa bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, amma wannan adadi ba ya sauya alƙalamin likita. Sai da na kai wa likitoci jadawalin asibitinsu, suka ga maganin da suke rubutawa kullum don ciwon mafitsara ya daina aiki, sannan suka canja.